Belin Ziyad

Kambo Sodangi, zangon 'yan ƙwadagon gona, yana bakin tur'a, babbar kwatar da ke kai ruwa gonaki a kudancin garin Hajj Abdalla. Kakan Sakina ne ya kafa bukka ta farko a wurin, lokacin da ya tsaya neman guzuri a kan hanyarsa ta zuwa Makka, bai kuma ƙara gaba ba. Daga shi har jikokinsa aikin ɗaya ne: su yi shuka, su yi noma, su tsinki auduga a hawashar mutanen hilla, wato gonakin da aka raba wa masu gari tun da daɗewa. Su ko taku ɗaya ba su mallaka ba. A hilla, ƙauyen masu gonakin, akwai tankin ruwa da makaranta da lantarki. A kambo sai tur'a, inda jakuna ke sha, inda ake wanke tulun feshin magani, inda yara ke ɗauko fitsarin jini.

Ƙasimu, yayan Sakina, shi ya ƙi yarda a ci gaba da zama haka. Ya yi shekaru yana zarya a ofisoshi har aka ba kambo izinin jan bututu daga tankin hilla. Maza suka haƙa ramin da hannunsu. Ranar da ruwa ya fara zuba, da hantsi, mata sun yi layi da jarkoki suna guɗa, sai ga Ziyad ɗan Haj Ahmed a motarsa tare da abokansa. Gonar Haj Ahmed ce gidan su Ƙasimu ke nomawa tun zamanin ubansu, kuma Ƙasimu ya sha goya Ziyad ya tsallakar da shi tur'a yana ƙarami.

Ziyad ya sauko ya ce da Larabci bayi ba za su sha ruwa bututu ɗaya da 'ya'yan gari ba. Ya ce a sare bututun. Ƙasimu ya je ya tsaya a kansa, hannunsa babu komai, ya ce hukuma ce ta ba da izini. Ziyad ya fizge fartanya a hannun wani, ya juya bayanta, ya sauke masa a tsakiyar kai. Sakina tana kusa har jini ya fantsamo mata a zane. Maƙwabciyarsu Lami ma tana nan, ita ta fara ihu.

Ƙasimu bai mutu ba. Ya dawo daga asibitin birni a kwance, ɓangarensa na dama ya mutu, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. Matarsa Zamzam ke ba shi kunu da cokali. An kama Ziyad, kuma alƙalin farko ya hana belinsa, ya ce mai raunin bai fita haɗari ba, shaidu kuma duk a ƙarƙashin uban wanda ake tuhuma suke cin abinci. Mutanen kambo sun yi mamakin wannan hukunci fiye da yadda suka yi murna, don ba su saba ba.

Sakina mai sayar da shayi ce a kasuwar Hajj Abdalla, bazawara, ba ta da tsoron baki. A wurin shayinta lauyar da ke tsaya musu ta same ta. Sunanta Hadeel, 'yar Hausawan birnin Wad Madani ce, ta fi iya Larabci, Hausarta kuwa sai ta yi tana tuntuɓe. Ta zauna a kan benci ba ta ko taɓa shayin da aka miƙa mata ba.

"Sun ɗaukaka ƙara, Sakina. Suna neman damana, beli ke nan. Sun ɗauko babban lauya daga birni."

"Ai alƙali ya hana."

"Akwai alƙali sama da shi."

Sakina ta ajiye butar da ƙarfi har garwashi ya tarwatse. "Wanga mutum ya fasa kan yayana gaban idona, ustaza. Mi za su ce wa na saman? Fartanya ce ta tashi da kanta?"

"Za su ce faɗan maƙwabta ne. Kuma za su zo neman ku yafe. In kun yafe, an gama."

Haka kuwa aka yi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, motoci suka tsaya a bakin kambo. Haj Ahmed ya fito da umda, mai garin hilla, da wasu dattawa. Sun zo da rago da buhunan sukari, sun kuma zo da kujerunsu, don kada su zauna a tabarmar da aka shimfiɗa. Kawun Sakina, Ɗan'auta, shi ne babba a kambo, shi ya tarbe su. Aka kawo kofi, kowannensu ya karɓa ya ajiye a gefen ƙafarsa, har ya huce ba wanda ya kai baki.

Haj Ahmed ya yi magana a hankali, kamar mai ta'aziyya. Ya ce mutanen kambo mutanensu ne, ubansa ya riƙe iyayensu, bai taɓa barin ɗayansu ya kwana da yunwa ba. Ya ce Ziyad yaro ne, zuciya ta ɗebe shi, shaiɗan ya shiga tsakani. Abin da yake nema kaɗan ne, Ɗan'auta ya je gaban alƙali ya ce dangi sun yafe. Ɗan'auta ya sunkuyar da kai yana zanen ƙasa da tsinke, yana cewa na'am, na'am.

Sakina tana bayan zana tare da mata. Da ta ji na'am ɗin ta yi yawa sai ta ture zanar ta fito.

"Haj, ka shiga ka ga yayana?"

Umda ya dubi Ɗan'auta, wai ya tsawatar wa 'yarsa.

"Ga ɗakin can, ba nisa. Shekara da shekaru yana noma maka. Tashi ka shiga ka ce masa sannu. Ka tambaye shi ko ya yafe, in ya iya buɗe baki ya ce i, wallahi ni ma na yafe."

"Yarinya," in ji Haj Ahmed, "maganar maza ake yi."

"Namijin da ya kamata ya yi ta ɗanka ya kwantar da shi."

Ta je gindin bishiyar da aka ɗaure ragon, ta kwance igiyar, ta ɗirka masa duka a baya. Ragon ya ruga ta tsakanin kujeru, ya kifar da kofuna, ya nufi hanyar hilla. Baƙin suka tashi suna kaɗe riguna. Kafin ya shiga mota Haj Ahmed ya juyo ya ce wa Ɗan'auta ƙasar da bukkokinsu ke kai ma a tuna ba tasu ba ce.

Da ƙurar motocin ta lafa, Ɗan'auta ya juya kan Sakina.

"Kin ji abin da ya ce? In sunka kore mu, ina za mu? Ke kina da kasuwa. Waɗanga mutane mi gare su in ba gonar nan ba?"

"To a bar shi ya fito, kawu? Gobe kan wa zai fasa?"

"Ni na ga abin da ba ki gani ba. Na ga kambo da anka sa wa wuta, ba wanda anka kama."

"Ai don kowa na cewa na'am ne."

Ya ɗaga hannu kamar zai mare ta, sai ya sauke. Ya shige bukkarsa. Bai je gaban alƙali ya yafe ba, amma ya daina yi wa Sakina magana, ko gaisuwarta ba ya amsawa.

Kafin ranar zaman kotu aka sallami mijin Lami daga gonar da yake yi wa aiki. Aka ce masa in yana son komawa ya san abin da zai gaya wa matarsa. Lami ta je ta sauya maganarta, ta ce lokacin da abin ya faru ta juya baya tana ɗaure goyo, ihu kawai ta ji. Sakina ta tarar da ita tana daka, ta tsaya a kanta.

"Ke kika fara ihun, Lami."

Lami ba ta ɗago ba. "Yarana za su ci abinci, Sakina."

Sakina ta buɗe baki za ta zage ta, sai ta ga hawaye na ɗiga cikin turmin. Ta haɗiye zagin, ta juya ta tafi.

Ranar zaman, ta hau motar farko zuwa birni. Ɗakin kotun cike yake da mutanen hilla cikin fararen riguna da rawuna, ƙamshin turarensu ya cika wurin. Daga kambo ita kaɗai ce. Aka shigo da Ziyad, ya yi aski, ya yi ƙiba, yana ɗaga wa 'yan'uwansa hannu.

Lauyansa ya miƙe, dattijo mai taushin murya. Ya ce wanda yake karewa ɗan sanannen gida ne, ba inda zai gudu, matarsa na da tsohon ciki, ga girbi ya matso. Ya ce saɓani ne a kan bututu, irin wanda ake yi kullum tsakanin maƙwabta. Ya ce asibiti ta sallami mai raunin, ke nan ya fita haɗari. Shaida ɗaya ta janye, wadda ta rage kuwa ƙanwar mai raunin ce, kowa ya san abin da ƙanwa za ta faɗa. Sannan ya ce batun wai za a tsorata shaidu ba shi da tushe, domin mutanen da ake magana ba su da mazauni da hukuma ta sani, 'yan ci-rani ne, yau suna nan gobe suna can.

Sakina ta ji kanta ya yi zafi. A kambon aka haifi ubanta, a nan aka haife ta.

Hadeel ta miƙe. Da Larabci bakinta ba ya tuntuɓe ko kaɗan. Ta ce asibiti ta sallami Ƙasimu ne don ba abin da ya rage da za ta iya yi masa. Ta ce ba saɓani ba ne, mutum ya zo da mota da mutane, ya faɗi dalilinsa da bakinsa a gaban jama'a, ya kira su bayi, sannan ya yi duka. Ta ce a tambayi dalilin da aka sallami mijin shaidar da ta janye, alhali wanda ake tuhuma yana tsare. In haka ake yi yana ciki, me za a yi in ya fito?

Alƙalin ya duba takardun gabansa, ya ce bai ga kalmar bayi a cikin bayanin 'yan sanda ba.

"Na gaya musu!" Sakina ta miƙe tsaye. "Na faɗa, na sake faɗa, mai rubutun ya ce ba ta da amfani!"

Aka ce ta zauna. Ta ƙi. Ta ce da Larabcin kasuwa, wanda kowa a ɗakin ya ji, in jakin Haj Ahmed aka fasa wa kai da tuni an rubuta komai. Ɗan sanda ya kama ta ta hannu ya fitar da ita. A baranda take tsaye lokacin da ta ji kabbara ta tashi daga ciki.

Hadeel ta fito fuskarta a ɗaure. "An ba shi belin. Ɗan'uwan ubansa ya tsaya masa. Amma akwai sharaɗi, ba zai kusanci kambo ba, ba zai yi wa kowane shaida magana ba, har a gama shari'a."

"Wa zai tsare shi? Sharaɗin ne zai zo ya tsaya bakin ƙofarmu?"

"In ya karya, a sanar da ni nan take. Amma ina buƙatar wanda zai ce ya gani, ba ke ba. Ke sun riga sun ce ƙanwa ce."

Washegari da la'asar aka dawo da Ziyad. Akwai hanyar da ke shiga hilla kai tsaye, amma jerin motocin ya biyo ta bakin tur'a, ana harbi sama, ana danna ham. Yaran kambo suka watse cikin bukkoki. A ɗakin Ƙasimu, da ya ji harbin, jikinsa ya hau karkarwa, Zamzam ta rungume kansa tana toshe masa kunne.

Motar gaba ta tsaya a tsakiyar kambo. Ziyad ya sauko. Bai nemi Sakina ba. Ya nufi Ɗan'auta, wanda ke zaune a ƙofar bukkarsa yana tufkar igiya. Tsohon ya yunƙura zai miƙe ya gaishe shi.

"Zauna, bawan ubana," in ji Ziyad. "An aiko maka da rago ka kore shi."

"Ba ni ba ne, ɗana, yarinya ce..."

Ziyad ya sa sandar hannunsa ya tunkuɗe hular tsohon ta faɗi ƙasa, ya taka ta, ya murje. Abokansa suka yi dariya. Ya ɗaga murya ya ce duk wanda ya sake taka ƙofar kotu, shi da kansa zai zo ya kwashe masa bukka. Ya shiga mota suka wuce.

Ɗan'auta ya daɗe yana kallon hular. Mutumin da ya yi wa kambo limanci tun Sakina ba ta yi wayo ba, ga shi kai a buɗe gaban jikokinsa. Sakina ta zo ta ɗauki hular ta kakkaɓe ta miƙa masa. Bai karɓa ba.

"Ina ne ofishin ɗiyar nan ta Madani?" ya tambaya.

Shi ya je ya ba da shaida, da wasu dattawa da suka bi shi don kunya. Kotu ta soke belin, ta ba da umarnin a sake kama Ziyad. Haj Ahmed ya sallami duk wanda ya je daga gonarsa. 'Yan sanda suka shiga hilla, aka yi musu shimfiɗa, suka ci suka sha, aka ce musu yaron ya yi tafiya, ba a san ranar dawowarsa ba. Suka koma. Matan kambo da ke tsintar auduga kuwa kullum suna hango shi a zauren ubansa yana shan kofi. Hadeel ta yi ta zarya, kullum amsar ɗaya ce, ana nan ana nemansa.

Sakina ta rame. Masu shan shayinta suka fara ƙorafi ta cika faɗa, abu kaɗan ta yi tsawa. Wasu suka koma wurin wata.

Ranar kasuwa, rana ta take, tana wanke kofuna sai ta ɗago ta ga Ziyad. Yana tsaye wurin masu sayar da kayan gyaran tarakta, yana ciniki, hankalinsa kwance, ofishin 'yan sanda kuma yana ƙarshen layin. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta bar wuta a kunne, ta ratsa ta tsakanin masu albasa, ta zo ta bayansa ta cakumi rigarsa, ta nannaɗe ta a hannayenta biyu.

"Jama'a ga shi! Ga wanda kotu ke nema! Ga Ziyad ɗan Haj Ahmed da anka ce ya yi tafiya!"

Ya juyo ya kai mata naushi a fuska. Ba ta saki ba. Ya ja ta, ta faɗi, ya ci gaba da janta a ƙasa, gwiwoyinta na gurzar tsakuwa, ita kuwa sai ihu take, da Hausa da Larabci. Ya kama yatsunta yana lanƙwasawa baya. Ta ji ɗaya ya karye, ta sa haƙori ta ciji rigar ta ƙara riƙewa.

Da farko mutane kallo kawai suke yi. Sai masu dako suka ajiye buhuna, yawancinsu 'yan kambo-kambon yankin ne, suka matso. Masu shayi suka taso, masu gyaɗa suka biyo su. Ba wanda ya taɓa Ziyad. Sun dai kewaye su, da'irar tana ƙara kauri, har ba ta inda zai bi ya kai ga motarsa. Wani ya ɗaga waya yana ɗauka, wasu suka bi sahu. Da 'yan sanda suka iso, kasuwa gaba ɗaya ta tsaya, kowa na kiran sunansa, ba yadda za a ce ba a gan shi ba. Sai da suka sa masa ankwa sannan Sakina ta yarda aka ɓamɓare hannunta daga rigar.

A motar auduga aka kai ta gida, idonta ɗaya a kumbure. Ɗan'auta ya zaunar da ita a inuwa, ya tsaga kara ya ɗora mata yatsan, yana ɗaurewa yana faɗa.

"Ke ba ki da hankali. Da wuƙa gare shi fa?"

"Da sai ku samu wata ƙarar da za ku kai."

"Rufe min baki. Miƙo hannun."

Shari'ar ba ta ƙare a wannan shekara ba, an yi ta ɗage zama. Gidaje da dama sun tashi daga kambo sun nufi wajen Damazin neman aiki, har da Lami da mijinta, wanda ba a mayar da shi gonar ba duk da matarsa ta yi abin da aka ce. Ɗan'auta ya koma saƙar tabarma yana kaiwa kasuwa. Ziyad dai bai sake samun beli ba.

A yammacin da aka ɗora mata yatsa, Sakina ta shiga ɗakin yayanta ta zauna a bakin gadon. Zamzam ta gyara masa matashi don ya iya ganinta. Ta ba shi labarin tun daga kofunan da take wankewa, ba ta tsallake komai ba, har naushin da jan da aka yi mata a ƙasa. Ƙasimu yana kallon fuskarta da ta kumbura, numfashinsa na fita da ƙarfi. Bakinsa ya yi ta motsi, kalma ta ƙi fitowa. Sai ya dunƙule hannunsa na hagu ya fara dukan katakon gadon, ya yi ta duka, har Zamzam ta kama hannun ta riƙe.